Famfon Gindin Durumi

Shekarun baya, lokacin ina sana'ar shayi a ƙauyenmu, aka zo aka haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa. Duk sanda na ga ana gardama a kan abin da hukuma ta yi wa gari kaza da abin da ta ƙi yi, sai wannan famfon ya faɗo mini a rai. Shi dai an yi mana shi, an kuma yi shi da kyau. Mu ne muka kusa mayar da shi kayan kallo, kuma hannuna na ciki dumu-dumu. Ba ni da karatu mai zurfi, daga allo sai firamare, don haka ku yi haƙuri da yadda zan kawo labarin.

Ƙauyen namu ƙarami ne, a ƙasar Kiru, ba nisa da Yako. Da damina za ka ce babban gari ne, ko'ina mutum. Amma da an gama girbi, dawa da masara sun shiga rumbu, sai majiya ƙarfi su watse. Wasu noman rani wajen Tiga, wasu Kano su yi dako ko acaɓa, wasu har kudu. Sai gari ya koma na tsofaffi da mata da yara, da irinmu 'yan tsiraru masu ƙaramar sana'a. Bayan fadama akwai rugar Fulani da suka daɗe tare da mu, suna noma suna kiwo. Abin da muke da shi na jama'a bai taka kara ya karya ba: masallaci, makarantar firamare da iska ta taɓa yaye wa rufi muka yi gayya muka mayar, sai shagon cajin waya mai sola. Asibiti sai an je Yako.

Ruwa shi ne babban ciwonmu. Rijiyoyin cikin gida tun tsakiyar rani suke ƙafewa. Daga nan sai fadama, inda ake tona ramuka a yashi a jira ruwa ya tsattsafo, kuma nan shanu suke sha. Mata ne ke ɗebowa. Suna da hanyarsu ta bayan gari, wata siririya tsakanin dangogi, wadda namiji bai cika bi ba.

Da ma'aikatan haƙa suka zo, sun zagaya gari da na'urarsu, suka nuna wurare. Ɗaya yana bayan gari, dab da hanyar matan nan. Ɗaya kusa da makaranta. Ɗaya kuma a gaban durumin da ke ƙofar masallaci. Babbansu ya ce wa mai unguwa duka akwai ruwa, mu zaɓa, su aikinsu haƙa.

Wannan durumin shi ne majalisar dattawanmu tun ban san kaina ba. Akwai wani gungumen itace a gindinsa da zama ya goge har yana sheƙi. Kowane tsoho da gurbinsa, mahaifina yana daga gefen dama, inda ya ce mahaifinsa ma nan yake zama. Teburin shayina yana gefe guda, cikin inuwar. Tsofaffi su zo tun bayan asuba, su wuni, salla kaɗai ke tashinsu. In sun shiga gida da magariba, samari su maye wurin, ana shan shayi ana musun ƙwallo. Wato gindin durumin nan ba ya rabuwa da maza.

Bayan la'asar mai unguwa ya ce a ba da shawara. Kowa na jiran wani ya fara. Sai ni, sarkin azarɓaɓi, na gyara murya.

Na ce, "Allah ya taimaki mai unguwa, ni yaro ne a cikinku, amma a ganina nan gaban durumi ya fi. Tsakiyar gari ne. Ga masallaci, an huta da neman ruwan alwala. Kuma in yana kan idon manya, yara ba za su lalata shi ba."

Maganar yara ita ta ci. Tsofaffi suka gyaɗa kai, aka ce yaron nan ya yi hankali. Ni kuwa abin da ke raina daban. Na gaji da aika a ɗebo mini ruwan shayi daga fadama, in tace, in bari ya kwanta. Wani abokina da muka tashi tare, yana kusa da ni, ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kai dai ka ce butarka ce ke jin ƙishirwa." Na taka masa ƙafa, muka ƙunshe dariya. Aka shafa fatiha aka tashi. Duk taron nan babu wanda ya taɓa ɗora tulu a kansa, kuma babu wanda ya ce a leƙa cikin gida a tambayi masu ɗorawa.

Famfo ya fito da ruwa garai-garai, mai sanyi, mai daɗi. Shayina ya canza ɗanɗano har mutane suna faɗa. Tsofaffi kuwa abin ya zame musu abin alfahari. In baƙo ya zo, kafin a gama gaisawa an ce ya ɗanɗana ruwanmu. Yara na zuwa da robobi, tsofaffin mata na zuwa da bokitai. Matan ruga in sun kawo tallan nono sukan tsaya su sha su wanke ƙwarya. Ina zaune ina kallon duk wannan kullum, amma ban taɓa lura da waɗanda ba sa zuwa ba.

A lokacin ina zaune a gidan mahaifina, sashenmu daban. Matata yarinya ce mai kawaici, daga wani ƙauye kusa da mu aka auro ta. Muna da 'ya ɗaya, ba a daɗe da yaye ta ba. Ni ina fita da sassafe, ban dawowa sai na tashi daga teburi. Kullum randa cike take. Ban taɓa tambayar daga ina ba. A zatona ruwa a randa kamar gishiri ne a miya, abin da ke nan ne kawai.

Sai 'yar tamu ta fara gudawa. Ta yi, ta warke, ta sake yi. Muka ce haƙori ne, muka ce yaye ne. Wata safiya aka aiko mini a teburi in zo maza. Na tarar da ita a cinyar uwarta ta yi laushi, ido ya faɗa, ko kuka ba ta iya yi. Na ari babur, matata ta goya ta, muka nufi Yako.

Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Da ta ɗan farfaɗo, ma'aikaciyar asibitin, wata mata mai fara'a, ta tambaye ni, "Malam, wane ruwa kuke ba ta?"

Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ruwan famfo mana. Mu ai famfo gare mu sabo fil."

Ta juya wajen matata ta ce, "Haka ne, 'yar uwa?"

Matata ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi. Can ta ce, "Na fadama ne."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Matar ba ta yi mana faɗa ba, ta dai ce in ba a canza ruwan ba za mu sake dawowa, kuma ba kullum ake dawowa a kan lokaci ba.

Muka koma gida. Da muka shiga sashenmu, aka kwantar da yarinya, sai na sauke mata kwandon faɗa. Ina faɗin wannan ne ba don na ji daɗinsa ba.

Na ce, "Famfo na nan ƙofar gida, ki tsallake shi ki tafi ki kwaso mana fitsarin shanu? Wannan wane irin taurin kai ne? Ki sa in yi ƙarya a gaban mutane?"

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam."

"Ba haƙuri na tambaye ki ba. Dalili nake so."

Ta ce, a hankali, "Baba yana zaune."

Na ce, "To Baba kura ne? Cinye ki zai yi?"

Sai na ji muryar mahaifiyata daga ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, zo nan."

Na je na durƙusa a bakin ƙofa. Tana zaune ta miƙe ƙafa, don ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta nisa.

Ta ce, "Kullum kana zaune gaban famfon nan. Ka taɓa tsayawa ka kalli mai tuƙa shi da kyau?"

Na ce, "Ina gani dai, Inna."

"Ba ka gani. Sai mutum ya ɗaure zani, ya sunkuya ya ɗago, ya sunkuya ya ɗago, jiki duk yana kaɗawa, mayafi na zamewa. Yarinyar da in za ta gaishe da ubanka sai ta durƙusa daga bayan zana, in za ta gifta ƙofarsa sai ta cire takalmi, ita kake so ta je ta yi wannan a gabansa da abokansa? Ni nan da kake gani, har kakanka ya bar duniya bai taɓa ganin na kai loma bakina ba."

Na ce, "Amma Inna, ai babu wanda ya hana su."

Ta yi 'yar dariya. "Ɗan ubansa. Shi ma da na taɓa masa zancen, abin da ya ce ke nan, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Je ka duba gidajen da ke shan famfon nan. Masu yara manya ne, da masu tsohuwa mai sauran ƙarfi. Duk gidan da yake daga matar aure sai ƙananan yara, fadama suke sha har yau. Kuma su suka fi yawa, tunda mazan sun tafi ci-rani."

Na fito. Na so in ba matata haƙuri a ranar, girman kai ya hana ni. Abin da na yi shi ne washegari na nemi jarka, na cika a famfo, na saɓa a kafaɗa na nufi gida.

Ashe ni ma ina da tawa kunyar. Ban yi taku kaɗan ba wani tsoho ya ɗaga murya, "Ga-ruwa! Kawo nan, muna saye!" Majalisa ta fashe da dariya. Da yamma samari suka ɗora nasu, wannan ya ce mijin-ta-ce, wancan ya ce gobe sai wanke-wanke. Ina dariyar yaƙe ina zuba musu shayi. Kuma gaskiyar magana, ba kullum na iya ba. Ranar da na ga majalisa ta cika, sai in ce bari a ragu, har rana ta faɗi ban kai ba. Irin waɗannan ranakun matata ta bi hanyar bayan gari kamar da. Tana tafasa na yarinyar in akwai kara, amma yaro mai tafiya wa zai tsare shi daga moɗa?

Abin da ya fi damuna, wata rana mahaifina ya kira ni gefe bayan azahar. Ya ce, "Iyalin naka lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

"To me ya sa kai ne da jarka? Ga ruwa an kawo har ƙofa. Kada ka saba wa mace da zama, ba gata ba ne."

Ta yaya zan dubi mahaifina in ce zamansa ne matsalar? Na ce to, Baba. Na bar shi yana ganin surukarsa malalaciya ce, alhali ita ce ke hawa da sauka fadama don girmansa.

Na je wajen mai unguwa na kwashe duka na faɗa masa. Ya jinjina kai ya ce, "Famfo dai ba ya ciruwa. Dattawan nan kuma sun girme ni. Kai za ka iya ce wa ubanka ya tashi daga inda ubansa ya zauna?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka gani."

Ana haka cikin yarinyar ya sake ɓaci. Bai kai na farko ba, amma na tuna abin da matar asibiti ta ce, na kasa cin abinci. Na koma wajen mahaifiyata kamar ƙaramin yaro.

Ta ce, "Wannan magana ba ta ɗa ba ce, ba ta mata ba ce. Kuma in a ɗaki aka faɗa wa ubanka, shi kaɗai ne, ba zai iya tashin sauran ba. Sai a gabansu duka, kuma da dariya, yadda babu wanda zai ji an ci masa fuska. Ari babur ka je Ɗansoshiya ka ɗauko gwaggonka."

Wannan gwaggon tawa taubashiyar mahaifina ce, mahaifiyarta da kakana ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara suke wasa, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Abin da za ta faɗa masa a tsakiyar kasuwa ya yi dariya, in wani ne ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai sayar da daddawa, bakinta ja wur da goro.

Na same ta tana shanya kalwa. Na ba ta labari tun daga farko. Ta yi dariya har da riƙe ciki da na zo wajen jarka, amma da na zo wajen ƙarin ruwa sai ta daina.

Ta ce, "Wa ya zaɓi wurin?"

Na ce, "Jama'a ne, Gwaggo."

"Uhm. Jama'a. Kai kuma teburin naka yana ina?"

"Yana nan gefe."

Ta dube ni ta sake cewa uhm, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da wani tsohon bokiti.

Da hantsi muka iso, majalisa ta cika. Na ɗauka gida za ta fara shiga, sai ta ce in sauke ta a gindin durumi. Ta russuna ta gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata, ta tambayi iyali da zafi. Ta bar mahaifina a ƙarshe.

Ta ce, "A'a, bawana! Ashe kana raye? An ce an ba ka aiki, ban samu zuwa murna ba."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Wane aiki kuma, baiwar gidanmu? Wa ya kwance ki da safen nan?"

"Gadin famfo mana. An ce tun asuba kake kama aiki sai magariba. Kakin ne bai iso ba?"

Aka kwashe da dariya. Ta dangwarar da bokiti a gabansa ta ce, "Na sha hanya, ƙishirwa nake ji. Kuma uwargijiya ba ta tuƙa famfo bawanta na zaune. Tashi."

Ya ce, "Ga yara nan, a kira ɗaya."

"Au, ƙarfin ya ƙare? Dama an gaya mini yanzu tuwo ma sai an dama maka."

Abokansa suka yi caa. "Alhaji, kada ka yarda!" "Alhaji, nuna mata!" Mahaifina mutum ne da ba ya son a ce ya gaza. Ya miƙe yana dariya, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya ɗauki bokiti ya nufi famfo.

Yana tashi ta haye gurbinsa a kan gungume, ta harɗe. Akwai wasu tsofaffin mata biyu da ke jiran layi, ta yafito su. "Ku zo ku zauna, yau mu ne dattawa." Suka zo suna rufe baki. Wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ita ma ta ja ta tsaya.

Ya kama hannun famfo ya fara. Famfon nan sai an ɗan jima ana tuƙawa kafin ruwa ya hau. Gwaggo ta tallafi haɓa ta zuba masa ido.

"Sunkuya sosai, bawana. Yawwa. Jama'a ku dubi ƙugu! Ashe haka bayanka yake? Shekara da shekaru ban sani ba."

Riga na tashi tana sauka. Ya ƙara ƙarfi don ya gama da wuri, sai hula ta faɗo ƙasa. Wani tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ina bayan teburi na rasa ko in yi dariya ko in ɓuya.

"Kada ka tsaya, ko rabi bai kai ba. Ke 'yar Fulani, matso ki gani da kyau, ba kullum ake samu ba."

Sai ya saki hannun famfon. Ya ɗauki hularsa yana kakkaɓewa, dariyar ta ragu a fuskarsa. Ya ce, "Haba, ya isa haka. Ku daina kallona mana, sai ka ce wani biri."

Ta ce, "Kunya ka ji?"

"Wa zai so a zuba masa ido yana wannan abu?"

Ta sauke hannu daga haɓa. Muryarta ta sauka, amma kowa na ji. Ta ce, "Kai namiji, da farin gemu, cikin riga da wando, a gaban sa'anninka, ko bokiti ɗaya ba ka cika ba ka ji kunya. To surukarka fa? Surukan waɗannan fa?"

Can wani dattijo ya ce, "Hajiya, mu fa ba mu hana kowa ba."

Ta ce, "Na sani, Malam. Ni ma yanzu ban hana shi ba. Ga shi ya tsaya."

Ta juya ga mahaifina ta ce, "Amaryar taka da aka kai Yako aka ɗaura wa ruwa, ruwan fadama ne ya kai ta." Haka yake kiran 'yata, amaryarsa, kullum da safe sai ta je ta karɓi ƙosai a hannunsa.

Ya waiwayo ya dube ni. "Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Shi ne jarkar?"

"Shi ne."

Ya sa hularsa, ya koma ya kama famfo ya tuƙa har bokiti ya cika, babu mai dariya. Ya ɗauko ya ajiye a gabanta. Ta sa hannu ta sha, ta ce, "Kai, ruwan da daɗi. Allah ya yi maka albarka, bawana, na 'yanta ka zuwa la'asar." Aka ɗan yi dariya, ta ɗauki mayafinta ta shige gida.

Bayan sallar la'asar dattawa suka tsaya a cikin masallaci, ba su fito da wuri ba. Da suka fito, mahaifina ya sa aka tara samarin da suka rage a gari. Ya ce a gangara gungumen nan zuwa bayan masallaci, gindin wata 'yar darbejiya da ko akuya ba za ta ishe ta inuwa ba. Daga can ba a hango famfo. Ni ne kan gaba wajen turawa, ina ba da umarni, ina jin kaina wanda ya gyara gari. Da aka gama na kakkaɓe hannu, na koma gindin durumi na fara hura wuta don shayin yamma.

Sai na ga inuwa a kaina. Mahaifina ne.

Ya ce, "Kai kuma me kake jira?"

Na ce, "Baba?"

"Mu tsofaffi da ido ya fara dushewa mun tashi. Kai da kake tara samari masu ido tar, kai za ka zauna?"

Wallahi har ga Allah, duk tsawon kwanakin nan ban taɓa sa teburina a lissafi ba. Na je wajen mai unguwa, na je Ɗansoshiya, ina ta neman wanda zai tashi tsofaffi, ban taɓa tunanin ni ma abin tashi ba ne. Sai a lokacin na gane uhm ɗin gwaggo.

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Kuma ranar taro na ji abin da abokinka ya ce game da buta. Kunnena bai mutu ba." Ya wuce.

Na kashe wutar, na ɗora teburi a ka, na bi bayan gungume.

Mata ba su fito nan take ba. Washegari wurin fayau, sai yara. Gwaggo da ta kwana biyu a gidanmu ita ta bi gida-gida ta fito da su, tana gaba suna biye. Daga baya aka kafa zana ta ɓangaren hanya. Kafin damina ta faɗi, ciyawa ta fara rufe hanyar fadama. Cikin 'yata ya tsaya, ta yi kumatu.

Na ba matata haƙuri, a makare. Na ce ta yafe mini abin da na faɗa mata ranar Yako. Ta ce, "Ai ya wuce, Malam." Sannan ta ce, "Jarkar dai kada ka daina. Ta yi maka kyau." Ranar na fara sanin ita ma tana da baki.

Tsofaffin nan sun sha rana a shekarar. Inuwar darbejiyar ba ta isa ba, sai su riƙa matsawa suna bin ta, wasu su jingina da bangon masallaci. Ban taɓa jin mahaifina ya yi ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune, ya dubi saman durumin da ke leƙowa ta kan rufin masallaci ya ce, "Inuwar can ta fi sanyi." Ni kuwa na koma ɗebo ruwan shayina da jarka, sai in tsaya daga bayan zana in yi sallama, a miƙo mini. Butar da na sa aka kafa famfo dominta ta fi kowa nisa da shi.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne. In aka zo yi wa gari wani abu, waɗanda ke zaune a ƙofar masallaci ake tararwa, sai a ɗauka su ne garin. Mu ma haka muka ɗauki kanmu. Alhali mafi yawan mutanen garinmu suna bayan danga, kuma ba za su taɓa fitowa su ce an cuce su ba, sai dai su ɗauki tulu su bi ta baya. Daga baya da aka zo neman wurin da za a riƙa yin awo da rigakafi, mai unguwa bai tara mu ba sai da ya tura tsofaffin mata suka zagaya gidaje. Ni ranar ban gyara murya ba. Ina roƙon Allah ya yafe mini son kaina, da faɗan da na yi wa wadda ba ta da laifi.

Mahaifina ya rasu, gwaggo ma ta bi shi, Allah ya jiƙansu. Darbejiyar nan yanzu ta zama babbar bishiya, gungumen na gindinta, har na fara samun gurbi a gefen dama. Famfo ya lalace an gyara ba sau ɗaya ba. 'Yar tawa ta girma, ita ke cika mana randa in ta dawo daga makaranta. Daga inda muke zaune ba a ganin komai, sai dai ka ji ƙarar ƙarfen yana ƙiƙi-ƙaƙa, da hayaniyar mata a gindin durumi, wani lokaci da shewa. Wani sa'in nakan tsinci dariyar matata a ciki. Shekara da shekaru ke nan tana tuƙa famfon nan, kuma har yau ban taɓa ganin ta tana tuƙa shi ba.